Jaipur, Banaras ko Layin Gwalior: Ina Za Ka Nufa Idan Mako Ɗaya Ya Rage Maka a Indiya?

Mafi yawan mutanenmu da ke sauka Delhi ba yawon buɗe ido ya kai su ba. Wani jinya ya rako, wani karatu, wani kuma sarin magunguna ko yadi ko kayan gyaran babur. Sai dai sau tari akan samu rarar kwanaki a tsakani: likita ya ce a dawo bayan mako guda a sake gwaji, ko mai kaya ya ce sai sati na sama za a gama ɗauri. A nan ake fara tambayar ina za a je, kuma amsar da mai otal zai ba ka guda ce, Agra da Jaipur, domin yana da direban da yake cin la'ada a kansa. Amsar ba ta banza ba ce, amma ga mutane da yawa akwai wadda ta fi ta.

Hanyoyi uku ne a gaban mai son ganin ganuwoyin sarakunan da, da fadojinsu, da hubbarensu, ya kuma ga yadda mabiya addinin Hindu ke tururuwa bakin kogunan da suke girmamawa. Ta farko ita ce wadda kowa ya sani: Delhi zuwa Agra, Agra zuwa Jaipur, a dawo Delhi, kowace ƙafa tsakanin kilomita 230 da 280. Ta biyu a nufi gabas zuwa Varanasi, wadda mutanenta har yanzu suka fi kiran ta Banaras, a bakin Kogin Ganga, kimanin kilomita 800 daga Delhi. Ta uku a bi layin dogo da ya miƙe kudu, a sauka Agra, a wuce Gwalior, a ƙare a Orchha. Ni ta ukun nake zaɓar wa mai lafiyar ƙafa da yake son ɗan komai cikin kwana shida ko bakwai, amma kowace tana da mutanenta.

Delhi ba ta cikin gardamar, tunda ko wace hanya ka ɗauka daga nan za ka tashi. Ka ba ta yini biyu. Akwai Jar Ganuwa da Shah Jahan, sarkin daular Musulmi ta Mugal, ya gina tsakanin 1639 da 1648. Babban masallacin Juma'a da ke fuskantarta, wanda aka gama a 1656, masallaci ne da ake sallah a cikinsa kullum, kuma lungunan Matia Mahal da ke gabansa cike suke da masu abinci Musulmi. In lokaci ya ƙure har sai ka zaɓi wuri ɗaya, ka zaɓi hubbaren Sarki Humayun, wanda matarsa Bega Begum ta sa aka gina wajajen 1570. Nan ne aka fara wannan fasali na ƙubba a tsakiyar lambu mai kashi huɗu da magudanan ruwa, wanda bayan shekara sittin aka kai shi ƙarshen kyau a Agra. Nan kuma Turawan Ingila suka kama Bahadur Shah Zafar, sarkin ƙarshe na gidan Mugal, a 1857.

Agra ma kusan ta kowa ce. Jirgin ƙasa mai suna Gatimaan yana tashi daga tashar Hazrat Nizamuddin da safe ya isa cikin kimanin minti 100, saboda haka ko mai jinya yana iya zuwa ya dawo a yini guda. Taj Mahal dai ba sai an tallata shi ba. Mumtaz Mahal, matar Shah Jahan da ya gina shi dominta, ta rasu a 1631 wajen haihuwarta ta goma sha huɗu, aka fara ginin a 1632, aka kammala shi da harabarsa wajen 1653. Abin da hotuna ba sa nunawa, wanda kuma mai karatun allo zai fi kowane Bature morewa, shi ne rubutun. A babbar ƙofar shiga Suratul Fajri ce aka zana da baƙin dutse cikin fari, tana ƙarewa da ayoyin da ake kiran rai mai natsuwa ya shiga Aljanna. A bakunan ginin kansa Yasin ce ta kewaye. Yawancin masu ɗaukar hoto ado kawai suke gani, kai kuwa tsayawa za ka yi kana karantawa. Kaburburan da ake nuna wa mutane a sama na kwaikwayo ne, na ainihin suna ɗakin ƙasa. Ranar Juma'a a rufe yake ga baƙi, kuma kada ka sa rai za ka shiga da sunan sallar Juma'a, domin an keɓe ta ga mazauna garin. Kuɗin shiga na baƙo a 'yan shekarun nan rupi 1,100 ne, da ƙarin 200 in za ka hau kan dandamalin hubbaren, alhali ɗan ƙasa 50 yake biya. Wannan bambanci za ka tarar da shi a kusan duk wani tsohon gini da gwamnati ke kula da shi, to ka sa shi cikin lissafi tun daga gida.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ga Taj a juya. Ganuwar Agra, wadda Sarki Akbar, kakan Shah Jahan, ya fara da jan dutse a 1565, ta fi ta Delhi cika da kyau nesa ba kusa ba. A cikinta Aurangzeb ya tsare mahaifinsa Shah Jahan daga 1658 har ya rasu a 1666, kuma daga barandar da aka ajiye tsohon ana hango hubbaren matarsa a ƙasan Kogin Yamuna. A ƙetaren kogin akwai ƙaramin hubbaren Itimad-ud-Daulah da Nur Jahan, matar Sarki Jahangir, ta gina wa mahaifinta a shekarun 1620, ba cunkoso, aikin dutsen kuma ya fi na Taj ƙanƙanta da yawa. Daga Agra ne hanyoyin suke rabuwa.

Wanda ya nufi Jaipur zai fara cin karo da Fatehpur Sikri, kilomita 40 ko ƙasa da haka daga Agra. Akbar ya je wajen wani shehi, Salim Chishti, neman addu'ar samun ɗa namiji. Da aka haifi yaron a 1569 sai ya sa masa sunan shehin, ya kuma gina sabon birni sukutum a wurin daga 1571. Bai cika shekara goma sha biyar a ciki ba ya tashi zuwa Lahore a 1585. Birnin yana nan kusan yadda aka bar shi, da ƙatuwar ƙofar Buland Darwaza da ta haura mita 50 daga ƙasa. Kyau kam akwai. Amma ban san inda 'yan damun baƙo suka kai na nan naci ba: mai jagora na ƙarya, mai sayar da ƙyallen rufa kabari, mai cewa sadaka ce ta marayu. Ka ɗaure fuska tun daga wurin ajiye mota.

Jaipur gari ne na sarakunan Rajput mabiya Hindu, waɗanda suka zaɓi yin surukuta da Mugal a maimakon yaƙi da su, suka kuwa ci ribar hakan. Man Singh, wanda ya fara fadar Amber a 1592, babban kwamandan Akbar ne. Shi ya sa fadar take da fasalin Hindu da na Farisa a cakuɗe, har da ɗakin da aka lulluɓe da dubban ƙananan madubai. Jai Singh na biyu ya sauko daga dutsen ya kafa sabon birnin a 1727 da tituna miƙaƙƙu, ya kuma gina wurin duban taurari da ke da agogon rana mai tsawon mita 27. Hawa Mahal mai tagogi 953, wanda aka gina a 1799 don matan fada su riƙa kallon titi ba a gan su ba, kusan fuska ce kawai, minti ashirin ya ishe ka. A fadar cikin gari, inda zuriyar sarautar ke zaune a wani sashe har yau, akwai manyan tuluna biyu na azurfa, kowanne yana cin lita kusan 4,000. Sarki Madho Singh na biyu ne ya cika su da ruwan Ganga ya tafi da su Ingila a 1902 bikin naɗin Sarki Edward, don kada ya sha ruwan da ba shi da tsarki a wurinsa. Wanda bai taɓa zuwa bakin Ganga ba, waɗannan tuluna za su fara nuna masa matsayin kogin a zukatan mutanen.

Ƙarfin wannan hanya sauƙi ne. Titi mai kyau, otal na kowane aljihu, mota ɗaya da direba ɗaya daga farko har ƙarshe, kuma a Amber akwai jif da ke hawa da mutum har ƙofa. Ga mai iyali, ko mai tafiya da dattijuwa, ko hajiyar da rabin niyyarta sayayya ce, ba ta da na biyu: kasuwar Johari ta duwatsun ado da gwal, Bapu ta yadi da takalma, ga garuruwan Sanganer da Bagru da ake buga zane da hatimin katako. Mai sha'awar ziyarar waliyyai kuma yana iya ƙara yini ya je Ajmer, kimanin kilomita 135, inda hubbaren Mu'inuddin Chishti yake. Rauninta biyu ne. Na farko, duk inda ka sa ƙafa ɗaruruwan baƙi sun riga ka, farashi ya san da haka, direbanka kuma zai yi ta tsayawa a shagunan "ɗan'uwansa". Duk wanda ya ce ka sayi duwatsu masu daraja ka sayar a ƙasarku ka ci riba ninki, ka yi masa sallama. Na biyu, babu kogi. Pushkar da ke kusa da Ajmer tafki ne. Abin da za ka iya samu shi ne ka ratse Mathura a hanyar Delhi zuwa Agra, inda Hindu suke cewa an haifi abin bautarsu Krishna, amma Yamuna a nan ta ƙazantu ƙwarai, kuma ba za ta ba ka abin da Ganga ke bayarwa ba.

Banaras akasin wannan ce ta kowace fuska. Ganuwa ɗaya ce a ƙetaren kogi, Ramnagar, ta ƙarni na 18, kuma ba ta kai a yi tattaki dominta ba. Abin da ke Banaras shi ne bakin ruwan kansa: matakalun dutse sama da tamanin, da suke kira ghat, jere a gaɓar yamma na tsawon kilomita shida ko bakwai, duk suna fuskantar gabas. Mota ba ta isa can. Daga mahaɗar Godowlia da ƙafa za ka ƙarasa, ta lunguna da suka fi na Kasuwar Kurmi matsi, kana kauce wa babur da saniya da masu ɗauke da gawa a kan makarar gora. Da asuba ka ɗauki kwalekwale, ka yi ciniki kafin ka shiga. Rana na fitowa za ka ga dubban mutane cikin ruwa har ƙugu, wasu na ɗibar ruwa da tafi suna zubawa suna fuskantar rana, wasu na wanki, yara na iyo, wani tsoho na aske kansa. Da magariba kuma a matakalar Dashashwamedh samarin limamansu ke jeruwa da manyan fitilun wuta suna kaɗawa tare da ƙararrawa, kwalekwale ɗaruruwa sun yi cirko-cirko a gabansu.

Sai maganar ƙona gawa, wadda ita ce ke raba masu iya Banaras da waɗanda ba za su iya ba. A aƙidar Hindu rai yana ta dawowa duniya cikin sabon jiki, kuma wanda ya mutu a wannan gari ya kuɓuta daga wannan zagaye. Saboda haka tsofaffi suna zuwa su jira ajali a nan, ana kuma kawo gawawwaki daga nesa. A matakalun Manikarnika da Harishchandra wuta ba ta mutuwa dare da rana. Ana auna itace a sikeli a sayar wa dangi, babban ɗa ya aske kai ya sa farin ƙyalle ya kunna wutar, wasu mutane da ake kira Dom, waɗanda gadonsu ke nan, su ke kula da ita. Ga wanda ya tashi yana ganin ana wanke mamaci a suturta shi a kai shi makwancinsa cikin gaggawa, abin yana da nauyi, har da warin. Ba a ɗaukar hoto a wurin, kuma duk wanda ya matso ya ce ka ba da kuɗin itace don talakawa, ɗan damfara ne. Ba zan kai yaro ƙarami ba, ba kuma zan kai wanda ya fito daga tiyata yana fama da tunanin mutuwa ba.

Akwai Musulmi da yawa a Banaras, sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen birnin, kuma mafi yawan masaƙan sarin alharini da garin ya yi suna da shi su ne. A unguwar Madanpura za ka samu masallaci da naman halal da masaƙa a cikin gidaje. Amma akwai wurin da ya kamata ka yi kaffa-kaffa. Babban wurin bautar Shiva, ɗaya daga cikin manyan abubuwan bautar Hindu, wato Kashi Vishwanath, bango ɗaya ya raba shi da masallacin Gyanvapi, wanda aka gina zamanin Aurangzeb bayan rushe tsohon wurin bautar a 1669. Maganar tana kotu, 'yan sanda sun cika wurin. Baƙo ba shi da abin yi a can, balle ya tsoma baki. In kana da rabin yini, Sarnath na nan kilomita 10 kawai, inda Buddha ya fara wa'azinsa, kuma a gidan tarihinta aka ajiye sassaƙen zakunan Sarki Ashoka da kake gani a jikin kuɗin Indiya.

Tafiyar ita ce matsala. Jirgin Vande Bharat yana cin kimanin awa takwas daga Delhi, jirgin sama awa ɗaya da rabi. In ka haɗa da Agra, zuwa da dawowa sun cinye maka kusan yini biyu. Wasu kan ce to a je Haridwar, wadda awa huɗu da rabi zuwa biyar ce a jirgin ƙasa. Gaskiya ruwan can ya fi tsabta da sanyi, domin nan Ganga ke fitowa daga duwatsu, har sarƙoƙi aka ɗaura don masu wanka su riƙe saboda ƙarfin igiya. Amma babu ganuwa, babu fada, babu hubbare, an hana sayar da nama a garin da maƙwabciyarsa Rishikesh, kuma akwai tsohuwar dokar gari da ta taƙaita shigar wanda ba Hindu ba babbar matakalar Har ki Pauri. A watannin Yuli da Agusta miliyoyin masu ɗibar ruwan Ganga da ƙafa suna toshe hanyar daga Delhi. Ga Bahaushe ban ga ribar ba.

Yanzu layin kudu. Jirgin Shatabdi na Bhopal yana barin New Delhi da ƙarfe shida na safe, ya tsaya Agra, ya isa Gwalior cikin kimanin awa uku da rabi, Jhansi kuma bayan awa ɗaya da 'yan mintoci. Gatimaan ma tun 2018 yana zarcewa har Jhansi. Wato wurare uku a kan layi ɗaya, babu tafiyar da ta wuce awa biyu tsakanin ɗaya da ɗaya. Wajen sayen tikiti ka lura an sauya wa tashar Jhansi suna zuwa Virangana Lakshmibai, sunan sarauniyar da ta yaƙi Turawa ta mutu a Gwalior a 1858.

In ganuwa kake so, ta Gwalior ce ganuwa. Ta Agra da ta Delhi a fili suke, fadoji ne da aka kewaye da bango. Wannan kuwa a kan dutse take mai tsawon kusan kilomita uku, ta ɗaga sama da garin da kimanin mita 100, tun daga jirgi kake hango ta. Fadar Man Singh Tomar, wanda ya yi mulki daga 1486 zuwa 1516, har yau tana da sauran tayil shuɗi da rawaya da kore a bangonta, da jerin agwagi da giwaye. A ƙarƙashinta akwai ɗakuna masu duhu da Mugal suka mai da kurkukun 'yan gidan sarauta. A Gwalior Aurangzeb ya tsare ƙaninsa Murad har aka kashe shi a 1661. In ka hau ta ƙofar yamma, wadda mota ke bi, za ka wuce manyan gumakan mabiya addinin Jain da aka sassaƙa a jikin dutsen. In ka hau da ƙafa ta gabas, akwai wani ɗan ƙaramin ɗakin bauta mai rubutun shekarar 876, inda aka rubuta 270 da sifiri zagayayye irin wanda muke rubutawa yau, ɗaya daga cikin mafi tsufa da aka sani a kan dutse. A gindin dutsen, cikin tsohon gari, ga hubbaren Shehu Muhammad Ghaus na ɗariƙar Shattariyya, wanda ya rubuta Jawahirul Khamsa da aka mayar Larabci ya bazu har Hijaz da Magrib. Tagogin dutsen da aka huda kamar leshi a wannan hubbare sun isa dalilin sauka Gwalior su kaɗai. Kabarin Tansen, mawaƙin fadar Akbar, yana gefe. Fadar Jai Vilas ta 1874 kuma ta masu son ƙyale-ƙyale ce, da ɗan jirgin ƙasa na azurfa da ke zagaya teburin cin abinci.

Orchha ba ta kai kilomita 20 daga Jhansi ba, a daidaita sahu ma yana kai ka. Ƙauye ne yanzu, amma a ƙarni na 16 da na 17 hedikwatar sarakunan Bundela ce. Labarin babbar fadarta ba mai daɗi ba ne. Yarima Salim, wannan ɗan da Akbar ya roƙa a Fatehpur Sikri, ya yi wa uban tawaye, ya sa Bir Singh Deo ya tare wazirin uban, Abul Fazl, ya kashe shi a 1602. Da Salim ya hau mulki a 1605 da sunan Jahangir sai ya saka wa Bir Singh da sarautar Orchha, shi kuma ya gina Jahangir Mahal don karrama shi. Kana iya yawo a benayenta awa biyu ba ka haɗu da mutum ashirin ba. A bakin Kogin Betwa akwai dogayen gine-gine goma sha huɗu na tunawa da sarakunan. Kama da hubbare suke, amma ba kowa a ciki, tunda ƙona su aka yi. Ungulaye ne ke sheƙa a ƙubbobin. A tsakiyar garin kuma akwai wurin bautar Ram Raja, inda ake ɗaukar Rama, abin bautar Hindu, a matsayin sarkin garin, har 'yan sanda suna sara masa da bindiga kullum. Masu ziyara suna wanka a Betwa su zo nan da furanni da alewa.

Kada in yi maka daɗin baki: Betwa ba Ganga ba ce. Abin da za ka gani na ibadar bakin kogi a Orchha ɗanɗano ne kawai. Matakalun fadojin tsaye suke, ƙanana, wasu ba abin dafawa, saboda haka mai ciwon gwiwa ko sabon ɗinki ya haƙura. Nama ma sai ka koma Jhansi. Abin da za ka samu a madadin haka shi ne sarari, da araha a masauki da kuɗin shiga, da mutanen da ba su gaji da baƙi ba. Kallo dai za a kalle ka, a nan fiye da Jaipur, domin baƙar fata ba ta cika zuwa ba. Yawanci hoto kawai suke so su ɗauka da kai.

Wanda yake da kwana goma zuwa sama yana iya cike giɓin kogin ba tare da Banaras ba. Ya wuce Bhopal, garin da mata huɗu Musulmi suka mulka a mafi yawan shekarun 1819 zuwa 1926, ya kai Indore, daga nan Mandu da Maheshwar kowanne bai kai kilomita 100 ba. Mandu birnin sarakunan Malwa Musulmi ne a kan tudu, da fadar Jahaz Mahal tsakanin tafkuna biyu, da hubbaren Hoshang Shah na farin dutse wanda ya girmi Taj da kusan shekara ɗari biyu. Masu jagora za su ce maka daga nan aka kwaikwayi Taj. Rubutun da maginan Shah Jahan suka bari a ƙofar na 1659 ne, bayan an gama Taj. Wani abin da zai ba ka dariya a Mandu shi ne kuka, bishiyar kuka tamu, birjik a cikin kangaye, ana sayar da 'ya'yanta a bakin hanya a matsayin abin mamaki. Maheshwar kuma, kilomita 40 daga nan, ita ce wurin da ganuwa da fada da matakalun ibada suka haɗu a waje ɗaya, a bakin Kogin Narmada mai faɗi da natsuwa. Ahilyabai Holkar ta yi mulki daga nan tsakanin 1767 da 1795, kuma ita ce ta sake gina wurin bautar Vishwanath na Banaras a 1780. Ba cunkoso, ba hayaƙi irin na Manikarnika. Da ba don nisa ba, da ita zan sa a gaba.

Akwai abubuwan da ba su canzawa ko wace hanya ka bi. A bakin kogi wani zai miƙo maka fure ko 'yar fitila, ko ya kai yatsa goshinka da jan gari, daga baya ya nemi kuɗi. Ka janye hannu ka ce "nahi, shukriya", ba wanda zai ji haushi, kallo daga gefe ba ya buƙatar ka shiga ibadar kowa. Hubbaren ma iri biyu ne: na sarakuna irin na Humayun da Taj gine-ginen tarihi ne a hannun gwamnati, na waliyyai irin na Nizamuddin da ke Delhi da na Ajmer kuwa wuraren ziyara ne masu rai, da kiɗa da rufa ƙyalle da neman tabarruki, kowa ya san inda fahimtarsa ta tsaya a kan wannan. Wasu tsoffin masallatan da ke cikin wuraren tarihi, kamar na harabar hasumiyar Qutb Minar da ke Delhi, ba a yarda a yi sallah a cikinsu ba, to ka tsara lokutanka. Sannan guzuri: kada ka kuskura ka shiga jirgin ƙasa da kilishi ko dambun naman sa. An haramta yanka saniya a jihohin nan duka, kuma an sha kai wa mutane hari a kan zargin naman shanu kawai. Abin da ake sayarwa a unguwannin Musulmi na ɓauna ne. Wajen kama ɗaki ka tambaya tun a waya ko suna karɓar baƙi 'yan ƙasar waje, domin akwai takardar da doka ta ce su cike, ƙananan masaukai da yawa kuma ba sa so.

Lokaci ma yana iya yanke maka hukunci. Daga Afrilu zuwa Yuni zafi yana haura digiri 40, dutsen Gwalior da Amber sai su zama tanda. Daga Yuli zuwa Satumba Ganga takan cika ta haɗiye matakalun Banaras a hana kwalekwale fita, alhali a lokacin ne Mandu ta fi kyau, tafkunanta a cike. Oktoba zuwa Maris ya dace da duka ukun, sai dai a ƙarshen Disamba da Janairu hazo yakan rufe Taj har hantsi, ya jinkirta jiragen ƙasa awanni. In a wannan lokacin ka zo, ka sayi tikitin da zai dawo da kai Delhi kwana ɗaya cur kafin ranar ganin likita ko ranar tashinka. A tashar New Delhi kuma, duk wanda ya tare ka a bakin ƙofa ya ce zai kai ka wani ofishin tikiti, ka wuce shi ka shiga tashar.